Alkawari Biyu, Mudu Ɗaya

  

Ya 'yan'uwa masu karatu, idan ƙasa ta ɗauki alkawari biyu, sai ya zamana cika ɗaya saɓa wa ɗayan ne, wanne ya kamata jama'arta su ce ta riƙe? Wannan tambaya ta shafe mu, domin Nijeriya tana cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya tun 1995, kuma ta amince da yarjejeniyar Faris ta rage ɗumamar yanayi a 2017.

Ga misali. Indiya ta ƙaddamar da shirin samar da lantarki daga hasken rana, ta shar'anta a yi amfani da kayan da aka ƙera a cikin gida. A 2013 Amurka ta kai ƙara, cewa wannan nuna bambanci ne ga kayan waje. Indiya ta kafa hujja da alkawarinta na kare yanayi, amma a 2016 aka ƙi hujjar, aka yanke mata hukunci. Ita ma ta yi ƙarar wasu jihohin Amurka a kan irin wannan sharaɗi, kuma a 2019 aka ba ta gaskiya. A ƙarshen wannan shekara kotun ɗaukaka ƙara ta ƙungiyar ta daina aiki, saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai. Sa'an nan a 2022 ta kafa dokar tallafi mai fifita kayan gida, abin da ta zargi Indiya da shi.

A ganina ciwon yana cikin zukatan jama'a. Idan gwamnatinmu ce ta karya dokar ciniki, sai mu ce kishin ƙasa ne da ceton muhalli. Idan wata ce, sai mu kira shi yaudara. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kuma shugabanni ba su faye saɓa alkawari ba sai sun tabbata mutanensu za su yi musu tafi.

Haƙiƙa kare rayuka daga fari da ambaliya ya fi ribar kasuwa nauyi. To amma wanda alkawari ya yi wa ƙunci, hanyarsa ita ce ya koma ga abokan yarjejeniya a gyara sharaɗin a fili, gyaran da zai game mai ƙarfi da mai rauni. Kafin mu yabi wata ƙasa ko mu zarge ta, mu tambayi kanmu: da abokiyar hamayyarta ce ta aikata haka, me za mu ce?

Allah ne mafi sani.