Ƙarin lam ba ƙarin birki ba ne

Yau da direbobin kasuwa da makanikansu muke magana. Duk mai hawa tsoffin motocin nan, Fijo 504 a-kori-kura da Land Rover, daga Guci zuwa Magarya ko Dungas, ko ran Alhamis zuwa kasuwar Maigatari, ya ga yadda bayansu ke ɗage sama kamar raƙumi zai tashi. Lam ne aka ƙara, wato sifirin a bakin 'yan Najeriya. A cusa falle biyu ko uku, wani ma na babbar mota aka yanko, don a loda buhuna mota ba ta zauna ba.

Mun san hujjar direba: mai ya yi tsada, hanya rairayi ce, in mota ta yi ƙasa cikinta zai riƙa shara. Gaskiya ne. Amma malam direba, da ka ƙara lam, ka ƙara birki? Ka canza taya? Shasin nan fa wanda kamfani ya ƙera ne, ga shekaru sun ci shi. A da, in kaya sun yi yawa bayan mota zai durƙusa, kowa ya gani. Yanzu ka rufe mata baki. Kuma in lodi ya yi sama, ga mutane a bisa, kwana ɗaya ta isa ta kifar da ita.

In babu kaya kuma, lam mai tauri ba ya lanƙwasa, kowane rami a ƙugun fasinja yake sauka. A haka muke kai mai naƙuda asibitin Magarya. Haba!

Gyaran gaskiya sananne ne. Lam ya gaji, a canza hagu da dama tare, don kar mota ta karkace. Wanda ya karye ba a yi mishi walda, ba a gasa shi a wuta, zafi na kashe ƙarfinshi. A duba kusar tsakiya, da ƙarafan da ke ɗaure shi da aksul, da robobi, da amortisar.

Shugabannin sandika, a tasha ake lodi, gaban idonku. Mu fasinja kuma mu daina cewa "a matsa, akwai wuri". Kar garin neman gira a rasa ido.

Allah ya kai kowa gida lafiya.