Ina Ɗan Jami'a Zai Kwana?

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, yau kuwa sai na faɗe ta, ko da za ta ɓata wa waɗansu. Ku da kuka zauna ajin yaƙi da jahilci da girmanku, kuka koyi baƙi da wasali bayan kun taso daga gona ko kasuwa, kun fi kowa sanin darajar ilmi. Da yawa cikinku sun sayar da akuya ko buhun masara don ɗa ya tafi jami'a. Ran da takardar shiga ta zo aka yi guɗa, aka yi addu'a, aka raka shi tasha. Amma wa ya tambayi inda zai sa haƙarƙarinsa in dare ya yi?

To, ga abin da ke samun da yawa cikinsu. Yaro ya isa, ya biya kuɗin makaranta, ya nemi gado a ɗakunan kwanan ɗalibai, a ce masa sun ƙare. Ya shiga gari neman haya, mai gida ya ce sai kuɗin shekara guda cur, dillali kuma ya miƙo hannu don la'adarsa. Abin da ke aljihunsa bai kai ba. Sai ya raɓa da wani ɗan garinsu, ɗakin da aka gina don mutum huɗu ya koma kamar akurkin kaji. Wanda bai sami mai raɓa shi ba ya kwana bisa benci a ɗakin lacca, ko a masallaci, ko a coci, jakarsa ita ce matashin kai, ya tashi tun duku-duku ya watsa ruwa a bayan gini kafin mutane su fito. Ba ya gaya wa iyayensa, don ya san abin da suka sayar. In sun kira shi a waya sai ya ce, "Lafiya lau, Baba."

Ba haka abin ya fara ba. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, da kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ta Zariya a 1962, an ɗauka cewa wurin kwana wani yanki ne na makaranta, kamar ɗakin karatu da ɗakin littattafai. Har aka sa wa ɗakunan sunayen manya: akwai na Sultan Bello a Ibadan, akwai na Amina da na Ɗanfodiyo a Zariya. A 1962 jami'o'i 5 ne kurum a Nijeriya duka, yau sun haura 250. Ɗalibai suka yi ta ƙaruwa kamar ciyawar damina, ɗakunan kwana kuwa suna tafiyar hawainiya. Maganar ci da kwanan ɗalibi ba ƙarama ba ce ko a dā. A watan Afrilu na 1978, da aka ƙara kuɗin abinci da na kwana, ɗalibai sun yi bore, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya.

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce wahala ita ke gyara yaro, ilmi ba ya samuwa a kan katifa. Kai! Wannan magana tana da daɗi a bakin wanda ya ƙoshi ya kulle ƙofarsa. Da yawa cikin masu faɗinta sun yi karatu ne zamanin da a ke ba su ɗaki da abinci sau uku, sun haye tudun mun tsira, yanzu su ne ke yi wa na baya wa'azin haƙuri. Akwai wahalar da ke gina mutum, watau tashin dare don karatu, da ƙoshi da kaɗan. Akwai kuma wadda ke rushe shi. Wanda sauro ya kwana yana cizo bisa benci, me zai fahimta a laccar ƙarfe takwas? Wanda ba shi da inda zai ajiye littafi, yau a sace, gobe ruwa ya jiƙe, da me zai shiga jarrabawa? In ya faɗi a ce dolo ne, alhali kuwa barci ne bai samu ba.

Na 'ya mace ya fi muni. Namiji ya iya shimfiɗa kwali a baranda, ita fa? Inda yarinya ta rasa masauki, nan miyagu ke samun ƙofa, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Waɗanda suka sami haya mai araha kuwa, yawanci can gefen gari ne, ba katanga, ba mai gadi. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau ke haya a Sabon Gida, suka kwashe fiye da 20, yawancinsu mata. A watan Oktoba na wannan shekara aka sace ɗalibai mata 5 na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da su ke haya. Wanda ya ce wurin kwanan ɗalibi maganar jin daɗi ce, ya je ya faɗa wa iyayen waɗannan yara.

Waɗansu kuma za su ce jami'a ba masauki ba ce, aikinta koyarwa. To, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ko wace jami'a ta san yawan waɗanda ta ɗauka, ta kuma san yawan gadajen da ta ke da su. Me zai hana ta bayyana waɗannan lambobi biyu tun kafin yaro ya baro gida, don uba ya san shirin da zai yi? Gadajen da ke akwai a fara ba 'yan ajin farko, da mata, da naƙasassu, da waɗanda suka zo daga nesa ba su san kowa ba. A kuma hukunta masu karɓar gado da araha su sayar wa 'yan'uwansu da tsada, gama wannan cin naman ɗan'uwa ne. Gwamnati tana da asusun raya manyan makarantu wanda a ke kira TETFund, da dokar 2011 ta kafa, ana zuba masa haraji daga ribar kamfanoni. A ware kaso mai kauri daga ciki don ɗakunan kwana. Ina amfanin ƙatuwar ƙofar shiga mai walƙiya, in waɗanda suka shige ta za su kwana a ƙasa?

Gaskiya ne a 2024 an fara ba ɗalibai rance, har da naira 20,000 ko wane wata na ɗawainiya. Madalla da wannan. Amma fa kuɗin wata-wata su ke zuwa, mai gida kuwa na shekara ya ke so gaba ɗaya, rance kuma bashi ne, ranar biya tana tafe. Ku tuna da 2022, da malaman jami'a suka yi yajin aiki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗakunan haya suna kulle, ɗalibai suna gida, kuɗin haya kuwa na ta ƙonewa. Da aka koma, masu gidaje da yawa suka ce a sake biya.

Yanzu kuma na juyo kanmu, don kada mu jibga wa Gwamnati kaya mu koma inuwa. Tun kaka da kakanni mai neman ilmi ba ya kwana a titi a ƙasarmu. Zaure don me aka yi shi? Almajiri ya zo daga wata uwa duniya, malam ya sauke shi, maƙwabta su ba shi tuwo, wata dattijuwa ta zama uwar ɗakinsa. Tun wajen shekara ta 1240 mutanen Kanem suka gina makaranta da masauki a birnin Alƙahira don ɗalibansu da alhazansu. Shekara wajen 800 ke nan, ba mota, ba jirgi, amma sun tuna da inda ɗansu zai kwana a ƙasar wasu. Mu da mu ke taƙama da zamani, mun kasa yin haka a Samaru da Kabuga!

Sabo da haka ga abin da na ke kira a yi. Attajirin da zai kashe dukiya a bikin kwana bakwai, ya rage kwana biyu, ya gina ɗaki goma kusa da jami'a ya bar su hubusi don 'ya'yan talakawa. Ladansa ba ya yankewa. Hukumomin zakka su tuna matafiyin da guzurinsa ya ƙare yana cikin masu rabo. Ƙungiyar ko wane gari ta haɗa taro da sisi ta kama gida guda kusa da jami'ar da 'ya'yanta suka fi yawa, ta sa dattijo mai amana ya lura da shi, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu gidajen haya su karɓi kuɗi wata-wata ko zango-zango. Ba a hana ku riba ba, amma ku tuna naku ɗan ma baƙo ne a garin wani. Wanda ke da ɗaki a soro ya cika da tarkace, ya share shi ya sauki yaro guda.

Ku kuma ɗalibai, ku bar ɓoyewa. Rashin ɗaki ba abin kunya ba ne, wanda ya ɓoye ciwonsa kuwa ya ɓoye maganinsa. Ko wace jami'a tana da ofishin kula da harkokin ɗalibai, ku je ku faɗa, ku sa a rubuta. In wani ya sauke ku, ku riƙe mutuncin gidansa, don kada ku toshe wa na bayanku ƙofa.

Kai kuma mai karatu, in kana da ɗa ko 'ya a jami'a, kada ka tsaya ga "lafiya lau". Ka tambaye shi sunan unguwar, da yawan waɗanda ke ɗakin, da ko ƙofar tana da sakata. In da hali ka shiga mota ka je ka gani da idonka, gama gani ya kori ji. Ka koyi karatu da girmanka don kada a cuce ka, to, ka yi amfani da shi, ka rubuta wa ɗan majalisarku takarda, ka tambaye shi gado nawa aka ƙara a jami'ar jiharku tun da ya hau. Allah ya sa mu ji, mu kuma aikata.