An Rufe Mana Iyaka, Wace Doka Ta Buɗe Mana Hanyar Likita?

Ya ku ƴan uwa maza da mata na bakin iyaka, daga Ƙonni zuwa Madarunfa, daga Ɗan Isa zuwa Matamai da Magarya, muna gaishe ku da haƙurin wannan shekara ta 2020.

Ba sai mun ba ku labarin abin da ya faru ba, a gabanku aka yi. Tun watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Ranar 19 ga Maris ta bana aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar, mu ma muka rufe namu ɓangaren. Ranar 27 ga Maris aka kafa dokar ta-ɓaci ta kiwon lafiya, aka sa dokar hana fitar dare a Yamai, aka killace birnin. An rufe makarantu, an rufe masallatai har zuwa tsakiyar watan Mayu. Daga nan majalisar dokoki ta riƙa sabunta dokar ta-ɓacin wata uku-uku.

Ba mu ce korona ƙarya ce ba. Ta kashe mutane a ƙasar nan, kuma duk gwamnatin da ta ga annoba tafe dole ta ɗauki mataki. Abin da muke tambaya ɗaya ne. A cikin matakan nan kun ji abin da aka hana ku. Shin kun ji wanda ya faɗa muku yadda mai ciwon suga ko mai hawan jini zai ga likitansa bayan an datse hanya?

Ku kuka fi kowa sanin nauyin wannan tambaya. Mutumin Ɗan Isa, Jibiya da Katsina suna kusa da shi. Na Magarya ya saba da hanyar Daura da Kano, na Ƙonni kuwa taku kaɗan ne ya shiga Illela. Haka su ma ƴan uwanmu na can suke tsallakowa neman magani Galmi da Maraɗi. Da aka rufe, tsohon da likitansa ke ƙetare ya rage da zaɓi biyu: ko ya hau kabu-kabu ya bi ta daji ya biya kuɗi ninki, ko ya zauna gida ya sayi ƙwaya hannun mai talla. Da yawa sun ɗauki salula sun kira wani ɗan uwa ma'aikacin asibiti, ko sun aika hoton takardar magani ta WhatsApp. Ke nan duba mara lafiya ta waya ya riga ya shigo garuruwanmu. Sai dai ya shigo ne ta hanyar sanayya, wanda bai san kowa ba ya rasa.

Ku dubi yadda wasu suka yi. A Faransa a watan Satumban 2018 asusun inshorar lafiya ya fara biyan kuɗin ganin likita ta bidiyo, bisa sharaɗin likitan ya taɓa ganin mara lafiyar ido da ido cikin wata 12 da suka wuce. Da korona ta zo, a watan Maris suka sassauta sharaɗin, asusun ya ɗauki kuɗin gaba ɗaya, daga baya aka yarda da kiran waya kawai ga tsofaffi da mazauna inda intanet ba ta kai ba. A farkon Afrilu sai da aka yi ganin likita irin wannan wajen miliyan ɗaya cikin sati guda. Ba arzikin Faransa muke da shi ba, mun sani. Amma abin da ya ba su damar yin saurin nan shi ne dokar tana rubuce tun kafin annoba, sai gyara kawai suka yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu kuwa me majalisarmu ta yi game da waya a tsakiyar annoba? A ƙarshen watan Mayu ta amince da dokar da ta ba hukuma damar sauraron wayoyin mutane da sunan tsaron ƙasa, ƴan majalisar adawa suka ƙi zama a yi ƙuri'ar da su. Ke uwa, ke da za ki faɗa wa ungozoma matsalar da ko ƴar uwarki ba ki faɗa wa ba, za ki saki jiki ki faɗe ta a waya? Akwai dokar kare bayanan mutane tun 2017, amma mara lafiya yana buƙatar a rubuta masa ƙarara cewa maganarsa da likita amana ce, a ɗaki aka yi ta ko a salula.

Don haka ga dokar da muke so ƴan majalisarmu su kai zaure, kuma ku riƙe mu da ita.

Na farko, a faɗi wanda ya halatta ya duba mutum ta waya: likita, ungozoma ko malamin asibiti mai rajista, a buga sunayensu da lambobinsu a kowace CSI da kowace ma'aikatar magajin gari, don ɗan damfara kada ya ci kasuwa da sunan likita.

Na biyu, a faɗi mai ɗaukar alhaki. Idan majo na ƙauye ya kira ƙwararren likita a Damagaram ko Maraɗi ya bi shawararsa, a rubuta shawarar, a san wanda za a tambaya in an yi kuskure. Ma'aikacin da doka ba ta kare ba, tura ku gari zai yi ko da abin da zai iya yi nan take ne.

Na uku, a faɗi mai biya. Tun 2006 aka ce magani kyauta ne ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, haka awon ciki da fiɗar haihuwa. Kun san yadda jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya bar ɗakunan magani wayam. Kada a maimaita. Kiran ya zama kyauta ga waɗannan, kuɗinsa ya fito fili cikin kasafin ƙasa, kamfanonin salula su ba da layin.

Na huɗu, takardar maganin da likita mai rajista ya aiko ta waya ta karɓu a farmasi, da lambar da za a tantance ta.

Na biyar, a zauna da Najeriya. Muna da hukumar haɗin gwiwa tsakanin ƙasashen biyu, mazauninta a Yamai. Ta nan za a iya cimma yarjejeniyar da za ta sa a amince da takardar likitan Katsina a Maraɗi, ta Maraɗi a Katsina, a kuma bar ƙofa ga mara lafiya mai takarda duk ranar da aka sake rufe iyaka.

Na shida, duk lokacin da gwamnati ta nemi a tsawaita dokar ta-ɓaci ta lafiya, ministan lafiya ya zo gaban majalisa ya faɗi abin da aka tanadar wa masu sauran cututtuka. Zazzaɓin cizon sauro bai tafi hutu ba don korona ta zo.

Ba za mu yaudare ku ba. Waya ba ta yin fiɗa, ba ta ƙara wa yaro jini, kuma ba ta da amfani inda babu rezo ko wutar caji. Yaron da ke jijjiga, mace mai zubar jini, asibiti za a kai su ba tare da jira ba. Amfanin waya shi ne ta faɗa maka da wuri wanne ne na gaggawa, wanne ne za a iya yi a CSI ta kusa, ta hana ka sayar da akuya don tafiyar da ba dole ba.

Mun ga sanƙarau a 2015, mun ga kwalara a Madarunfa a 2018, ga korona a bana. Wata na nan tafe, Allah ya kiyaye mu. Ranar 27 ga Disamba za ku zaɓi shugaban ƙasa da ƴan majalisa. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarku, namu ne ko nasu, kada ku tsaya ga atamfa da shinkafa. Ku tambaye shi: in an sake rufe iyaka gobe, wace doka za ta haɗa ni da likita? Wanda ya ba ku amsa mai kai da gindi, ku ba shi ƙuri'a. Mu tamu amsar ke nan a hannunku. Ku ajiye takardar nan, ku karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.