Lambar da Ba Ta Rabuwa



Duk wanda ya taɓa rabon goro a kasuwar Kumasi ya san wannan: ƙwarya 12 tana rabuwa daidai tsakanin mutum biyu, uku, huɗu ko shida. Amma ƙwarya 13, ko mutum ɗaya ya kwashe duka, ko mutum 13 kowa ya ɗauki ɗaya. In ba haka ba, sai an sa wuƙa.

Autana ne ya ce min irin waɗannan lambobi, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13, ba su da iyaka, kuma Yuklid na Girka ya tabbatar da haka fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Lokacin muna cikin rigima ne, shi yana son karanta lissafi a jami'a, ni kuwa shago nake so ya riƙe. Na ce, "Kai, wannan zai saya maka buhun shinkafa?"

Bai yi musu ba, sai ya jawo takarda. Ya ce in ninka 2 sau uku in cire ɗaya: 7. Sau biyar: 31. Duka ba sa rabuwa. Sunan wani malamin coci na Faransa, Mersenne, aka sa wa irinsu. Amma ba kullum dabarar take ci ba. Sau 11 yana ba da 2047, wanda 23 sau 89 ne.

Mafi girma da aka gano a Oktoban 2024, wani Ba'amurke, Luke Durant, ya samo ta da taron kwamfutoci. Biyu ce aka ninka sau 136,279,841 aka cire ɗaya. Alƙalumanta 41,024,320 ne, na ƙarshensu 1. Da za ka karanta ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ka haura shekara ɗaya da wata uku.

Na ce to, ina amfanin?

Ya ce, "Baba, 23 sau 89 ka yi shi yanzu a ka. Amma da 2047 kawai na ba ka, na ce nemo waɗanda suka haife ta fa?" Na yi shiru. Ya ce a kan wannan wahalar aka gina ɗaya daga cikin makullan da ke tsare kuɗi a intanet, da lambobi masu ɗaruruwan alƙaluma. Ita wannan ƙatuwar ta fi ƙarfin aikin, amma danginsu ɗaya.

Ni da nake tura kuɗi gida ta waya duk wata, jikina ya yi sanyi. Washegari na biya masa kuɗin fom. Shagon kuwa ina nan ina riƙe da shi, in Allah ya ba da lafiya.

Sai mako mai zuwa.