Mu Komo da Aikin Hannu Cikin Aji

Ya ku 'yan'uwana malamai da ɗalibai masu koyon aikin malanta, ina roƙonku ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan, ko da ya ke abin da zan yi magana a kai wasu za su ce wasan yara ne. Maganata a kan takarda ne da almakashi da sitaci.

A watan Fabrairu na 1956 Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta zo Jos ita da mijinta, bayan an yi mata babban hawa a Kaduna. Ta sauka a Tudun Wada ta huta. A sa'an nan Rwang Pam ne ke sarautar Jos, ni kuwa ina aji biyu na elementare. Tun saura mako guda malaminmu ya sa muka yanka takarda, muka shafa mata launi, muka liƙa a jikin tsinke, kowa ya sami tutarsa. Ran zuwanta muka jeru a bakin hanya tun da hantsi. Motar kuwa ba ta yi ko ƙiftawar ido uku ba ta wuce. Gaskiya ni hular wani ɗan sanda kaɗai na gani.

Kashegari malam ya ce tun da mun koyi yanka takarda, to, kowa ya yi abin sarautar garinsu. Ni ana kai ni Zariya wurin kakana da Salla, na sha ganin hawan Sarkin Zazzau Ja'afaru, saboda haka na yi laima. Abokin zamana Birom ne, ya yi ɗan guntun doki ba sirdi, irin wanda mutanensu ke hawa ran farauta. Wani Ba'angashe ya yi ƙaho. Muka yi ta yi wa juna dariya, muna tambayar juna, har aka kaɗa ƙararrawa ba mu ji ba. Yau shekara wajen saba'in ke nan, Sarauniyar ma ta rasu a 2022, amma har gobe ina iya naɗa wannan laima ido rufe.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kwanan baya na tambayi jikana abin da ya yi a darasin aikin hannu. Ya ce ai ba a yin kome, ƙarshen zango kowa ya kan kawo tsintsiya daga kasuwa, ko ya ba da kuɗi, a rubuta masa maki. Na bincika na tarar ba makarantarsu kaɗai ba ce. Wannan al'ada muguwa ce ƙwarai, gama tana koya wa yaro tun yana ƙarami cewa maki abin saye ne. Wanda ya sayi makin tsintsiya yana shekara tara, me zai hana shi neman sayen na jarrabawa yana shekara goma sha bakwai? Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Ra'ayina shi ne kowane ɗalibi da zai fita daga wannan kwaleji ya fita da iya aikin takarda a hannunsa, kuma ya ɗauko abin kwaikwayo daga bukukuwan sarauta na ƙasarmu, waɗanda yara suka gani da idonsu. Yaron da aka ce ya kwaikwayi hoton jirgin ruwa daga littafi zai yi ne don tsoron bulala. Amma ce masa ya yi kakaki ko tambari, sai ka ga har ya gyara maka kuskure.

Wani zai ce ba kuɗin kayan aiki. Alhali kuwa kayan suna nan a kwandon shara. A jiƙa tsohuwar jarida kwana biyu, a kirɓa ta a turmi, a matse, a kwaɓa da sitacin rogo da aka dama da ruwan zafi, sai ta zama kamar yumɓu. Da karan dawa a kan yi ƙashin abin, a shafa kwaɓin a kai, a shanya a inuwa don kada ya tsage. Gwangwanin madara da aka rufe bakinsa da takarda mai kauri ya zama tambari. Takardar da aka naɗe ta, kai ɗaya siriri ɗaya mai faɗi, ta zama kakaki. Launi kuwa ga gawayi, ga jar ƙasa, ga gangamau, ga bula ta wanki. Ƙaro ya isa manne.

Wani kuma zai ce ɓata lokaci ne, ga lissafi yana jira. To, a dubi laimar nan. Kafin yaro ya yi ta sai ya zana da'ira da zare da ƙusa, ya raba ta kashi 12 daidai. Da ya yi haka ya riga ya gane cewa digiri 360 in an raba gida 12, kowane gida ya sami 30. Ya auna, ya ƙidaya, ya yi kuskure, ya sake. In ya gama a sa shi ya rubuta layi biyar a kan wanda a ke riƙa wa laima da dalilinsa. Ga lissafi, ga insha'i, ga tarihi, duk a darasi guda.

Akwai kuma iyaye da malamai waɗanda ba su son a ƙera siffar mai rai. Wannan ba abin jayayya ba ne. Kayan sarauta da ba su da rai sun fi a ƙirga: alkyabba, rawani, sandar girma, sirdi, lifidi, kwalkwali, ƙofar fada. Kowa ya ɗauki abin da zuciyarsa ta natsu da shi.

Babban dalilina dai shi ne zaman Jos. Duk wanda ya ga abin da ya auku a garin nan a 2001 da 2008 da 2010 ya san yadda unguwanni suka rabu, har yaro ya kan girma bai taɓa shiga gidan wanda ba yarensu ba. Aji na daga cikin 'yan wuraren da suka rage inda za a zauna a benci guda. A Jihar Filato muna da Gbong Gwom Jos da bikin Nzem Berom, da Ngolong Ngas a Pankshin da bikin Pusdung, da Long Goemai a Shendam, da Sarkin Wase da hawansa na Salla. In kowane yaro ya kawo na gidansu a takarda, aka jera a tebur ɗaya, ya tashi ya yi bayani, to, an yi abin da dogon wa'azi bai kan yi ba. Ban ce takarda za ta kashe wuta ba. Na dai san abokin nan nawa mai doki, sai da muka yi shekara hamsin muna gaisawa, farkon abin kuwa dariyar da muka yi wa aikin juna.

Kada kuma mu raina abinmu. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Nan kusa da mu ga gidan kayan tarihi na Jos da Bernard Fagg ya kafa, aka buɗe a 1952, a gefensa an gina kwatancin ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya. Malamin da ya kai ajinsa can da fensir da takarda zai komo da aikin zango ɗaya cur.

Saboda haka ina ba hukumar kwaleji shawara uku. Na ɗaya, kada ɗalibi ya tafi gwajin koyarwa sai ya nuna abu uku da ya yi da hannunsa. Na biyu, a keɓe rana guda a shekara a baje waɗannan ayyuka, a gayyato makarantun firamare na kewaye. Na uku, kowane ɗalibi ya yi wa kansa alkawari ba zai taɓa karɓar ko kwabo a madadin aikin hannu ba.

Wanda ya ga kuskure cikin maganata, shafin nan a buɗe ya ke, ya rubuto mu ƙaru. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.