Kacala Ta Cinye Fadamar Haɗejiya Da Nguru

'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi sun san busasshen kifi da barkonon da motoci ke saukewa a kasuwar Mile 12 da Bodija. Wani kaso na wannan kaya daga fadamar Haɗejiya da Nguru yake fitowa. To, wannan fadama tana cikin wani hali, kuma abin ya shafi aljihun kowa.

A dā, kogin Haɗejiya da na Jama'are sukan cika su yi ambaliya da damina, su janye da rani. Lokacin da ruwa ya malala, tarwaɗa da karfasa ke hayayyafa a cikin ciyayi. Da ya janye, manoma su shuka wake a danshin da ya bari, Fulani su kawo shanu kiwo. Tsuntsaye ma daga ƙasashen Turai sukan sauka a Dagona su yi hunturu. Ƙasa ɗaya, ma'abota amfani da yawa, kowa da lokacinsa.

Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai wannan tsari ya sauya. Ambaliyar damina ta ragu, ga kuma ruwa ana sakowa har cikin rani saboda noman rani da ruwan shan Kano. Hanyoyin ruwan da dā suke bushewa duk shekara sai suka zauna a jiƙe. Ciyawar kacala kuwa ba abin da take so kamar ruwa mai kwanciya. Ta yi kaka-gida, ta danne sauran ciyayi, ta tare laka har hanyoyin suka toshe. Sai ruwa ya karkata, yana cinye gonakin wasu ƙauyuka, waɗanda ke gaba wajen Gashuwa kuma suna kukan ƙarancinsa.

Masunci ba ya iya jefa taru a cikin kacala, kwalekwale ba ya ratsawa. Sannan tsuntsayen jan-baki sun sami maɓoya a cikinta, daga nan suke afka wa shinkafa da gero.

A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru cikin fadamun da duniya ta yarda a kiyaye su, amma takarda ba ta yanke ciyawa. Yankan ma bai wadatar ba, domin saiwarta tana ƙarƙashin laka, ta sake tohowa. Maganin yana ga yadda ake sakin ruwa daga madatsun: a sake shi da yawa da damina, a bar wasu hanyoyi su bushe da rani.

Ya kamata ƙungiyoyin 'yan Jigawa da Yobe da ke Kudu su matsa wa wakilansu a majalisa kan wannan magana, musamman tunda batun gina madatsar Kafin Zaki a kogin Jama'are bai mutu ba. In fadama ta lalace, matasan da suka rasa sana'a a gida nan Kudu za su ƙaraso neman abinci.