Cinikin Ƙwayoyin "Hana Tsatsar Jiki": Ina Shaidar?

A 'yan shekarun nan wani irin ciniki ya kafa gindinsa a ofisoshin gwamnati da manyan makarantun ƙasar nan, watau cinikin ƙwayoyin da ake kira na ƙarin abinci. Da wuya ƙarshen wata ya yi ba a ga wani ya shigo ofis da jaka cike da kwalabe masu ƙyalli ba, yana bi tebur tebur, har da yarda a biya idan albashi ya fito. Kalmar da ta fi yawa a bakin 'yan tallan ita ce antioksidan, wadda suke fassarawa da "mai hana tsatsar jiki". Idan ma'aikaci mai lafiya ya ga dama ya kashe kuɗinsa a kan haka, wannan ruwansa ne, ko da yake shi ma akwai magana a kansa. Abin da ba shi da daɗin ji shi ne yadda ake kai waɗannan kwalabe gidajen da ake jinyar cututtukan da har yanzu ba a sami maganin warkar da su ba, musamman ciwon mutuwar jijiyoyin motsi, wanda likitoci suka fi sani da haruffan ALS.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ne ya fayyace shi a birnin Paris tun wajen 1870. A Amurka kuwa ana kiransa da sunan shahararren ɗan wasan nan Lou Gehrig, wanda aka gano yana da shi a 1939, ya rasu a 1941 yana da shekara 37. Abin da ke faruwa shi ne, jijiyoyin da ke kai umurni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka suna mutuwa da kaɗan da kaɗan. Mutum yakan fara da tuntuɓe, ko ya kasa ɓalla maɓallin riga, ko harshe ya yi masa nauyi. Daga nan sai tafiya ta gagara, sai haɗiya, daga ƙarshe numfashi. Mafi yawan masu ciwon suna gani, suna ji, suna sane da duk abin da ke samunsu, kuma galibi sukan rayu shekara 2 zuwa 5 bayan alamu sun bayyana. Iyalin da aka gaya wa wannan labari a asibiti ba za a zarge su ba idan suka kama duk abin da aka miƙo musu. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Mai miƙa takobin shi ne abin tuhuma.

Ya kamata a yi wa 'yan tallan adalci ta fuska guda: maganar tsatsa ba su ne suka ƙirƙiro ta ba, daga ɗakunan bincike ta fito. Yayin da jiki ke ƙona abinci da iskar oksijin, yakan haifar da wasu 'yan burbushin sinadarai masu ɓarna, waɗanda ke cin sassan jiki kamar yadda damina ke cin kwanon rufi. A 1956 wani masani ɗan Amurka, Denham Harman, ya kawo ra'ayin cewa wannan ɓarna ce tushen tsufa. Sai kuma a 1993 aka gano cewa wasu iyalai masu gadon ciwon jijiyoyin motsi suna da tangarɗa a wata ƙwayar gado mai suna SOD1, wadda aikinta shi ne ƙera sinadarin da ke share irin wannan burbushi. Nan da nan murna ta tashi. Lissafin ya yi kama da na ɗan firamare: mai shara ya kwanta ciwo, to a ɗauko wani daga waje, a ba majiyyaci bitamin E da makamantansa.

Amma lissafin bai fita ba. Da farko dai, kamar mutum 1 cikin 10 ne ke gadon ciwon, masu tangarɗar SOD1 kuwa ba su wuce kamar 2 cikin 100 na dukan majiyyata ba. Na biyu, bincike ya nuna daga baya cewa rashin shara ba shi ne babbar matsalar ba; sinadarin da ya lalace shi da kansa yake zama guba ga jijiya. Ƙarin bitamin ba ya kawar da wannan guba.

Duk da haka likitoci ba su yi watsi da zancen ba sai da suka gwada. A Faransa an raba majiyyata 289 gida biyu, aka riƙa ba wasu miligiram 1,000 na bitamin E kullum, wasu kuwa ƙwayar da ba kome a cikinta, har shekara guda. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna ba a sami ƙarin kwana ko ƙarin ƙarfin gaɓoɓi ba. Masu bincike a Jamus suka ce watakila awon ne ya yi kaɗan, suka ba majiyyata miligiram 5,000 kullum, fiye da ninki 300 na abin da baligi ke bukata a rana. Mutum 160 ne suka shiga wannan gwaji, aka buga sakamakonsa a 2005, shi ma shiru. A Amurka an gwada wani sinadari mai suna CoQ10, wanda yake cikin kayan da aka fi talla a yau, a kan majiyyata 185, aka kai awon har miligiram 2,700 a rana. A 2009 masu binciken suka bayyana cewa abin da suka gani bai kai a ci gaba da babban gwaji ba. Ke nan, abin da ɗan talla ke riƙe da shi a jaka an riga an auna shi a awon da ya ninka nasa sau da yawa, a ƙarƙashin idon ƙwararru, bai tsayar da ciwon ba.

Wani mai ilmi a cikinsu yana iya cewa ai akwai edarabon. Gaskiya ne. Magani ne mai kama wannan burbushi, Japan ta amince da shi domin wannan ciwo a 2015, Amurka kuma a 2017. To amma gwajinsa na farko bai yi nasara ba, sai da aka zaɓi majiyyata 137 waɗanda ciwon bai yi nisa a jikinsu ba, sannan aka ga ya ɗan rage saurin taɓarɓarewa cikin wata 6. A Turai ma kamfanin ya janye takardar neman izininsa a 2019. Wannan magani ne da likita ke rubutawa, wanda har yau masana ke gardama a kan girman amfaninsa, saboda haka ba hujja ba ce ga kwalbar garin 'ya'yan itace. Akwai kuma darasi a labarin Relyvrio, wanda Amurka ta amince da shi a 2022: da babban gwaji ya nuna ba ya aiki, kamfanin da kansa ya janye shi daga kasuwa a 2024. Yaushe aka taɓa jin ɗan tallan ƙwayoyin ƙarin abinci ya dawo ofis ya ce a maido masa kayansa, ya gano ba sa aiki?

Sai batun masu lafiya, waɗanda ke sha domin rigakafi. A nan ma labarin ya fi ban tsoro. A ƙasar Finlan an gwada bita-karotin, sinadarin nan da ke sa karas da manja launi, a kan maza masu shan taba fiye da 29,000, da fatan zai kare su daga dajin huhu. A 1994 sakamako ya fito: ciwon ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka sha. A Amurka an tsayar da irin wannan gwaji a 1996 tun wa'adinsa bai cika ba, saboda dalili guda. Wani gwajin a kan maza fiye da 35,000 ya nuna a 2011 cewa masu shan bitamin E kullum sun fi kamuwa da dajin furostet, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da kashi 17 cikin 100. Ashe burbushin da ake yaƙa yana da nasa aikin. Da shi ne ma sojojin jini ke kashe ƙwayoyin cuta. Jiki yana da ma'auninsa, mai zuba masa abu da cokalin miya yana iya karkatar da shi.

Hujjar da aka fi ji a gidajen majiyyata ita ce, idan bai yi magani ba ai ba zai cutar ba, kuma yana kwantar da hankali. Wannan magana tana da nauyi, domin sa rai ma abinci ne ga mai jinya. Sai dai cutarwar tana nan. Bitamin E mai yawa yana ƙara haɗarin zubar jini, balle ga mai shan maganin tsinka jini. Mutumin da haɗiya ke ba shi wuya, manyan ƙwayoyi biyar ko shida a rana suna iya shaƙe shi, ko su cushe masa ciki ya kasa cin abincin da yake bukata, alhali rama tana daga cikin abubuwan da ke gaggauta ƙarshen mai wannan ciwo. Babbar cutarwar kuwa ita ce ta aljihu. Albashi guda ne, abin da ya tafi wajen kwalba ba zai tafi wajen abin da aka tabbatar ba.

Abubuwan da aka tabbatar kuwa suna nan, ko da yake babu mai yawo da su ofis ofis. Maganin riluzol, wanda aka amince da shi tun 1995, yana ƙara kwana kamar wata 2 zuwa 3. Na'urar taimakon numfashi da ake ɗaurawa a fuska da dare ta fi shi: wani gwaji a Newcastle ta Ingila da aka buga a 2006 ya nuna ta ƙara wa waɗanda maƙogwaronsu bai raunana sosai ba kusan wata 7, da barci mai daɗi. Akwai bututun ciyarwa idan haɗiya ta gagara, da gashin ƙashi, da keken guragu, da abinci mai maiƙo da gina jiki. Masu tangarɗar SOD1 kuma Amurka ta amince musu da allurar tofasen a 2023, wadda ke rage ƙera sinadarin mai guba. Stephen Hawking, masanin Ingila da aka gano ciwonsa a 1963 ya kuma rayu har 2018, lamarinsa ya fita dabam da na sauran majiyyata, amma sananne ne cewa tun 1985 da aka huda masa maƙogwaro yana tare da masu jinya dare da rana. A ƙasar nan, inda na'urar numfashi ke bukatar wutar da ba ta tsayawa, kuɗin kwalabe na wata shida ya fi amfani idan aka tara shi aka sayi batir da farantin hasken rana.

Kada a fahimci cewa duk bitamin banza ne. Digon bitamin A da ake ba yara ƙanana yana ceton rayuka, haka ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba masu juna biyu a wajen awo. Waɗannan cike gurbin rashi ne da aka auna. Wanda ba shi da rashi kuwa, zogale da kuka da alayyahu da tumatir da gyaɗa da gwaba da mangwaro sun ishe shi, ga su a kasuwar bakin titi.

Saura aikin hukuma. A Amurka, inda yawancin wannan ciniki ya samo salonsa, dokar 1994 ta ba da damar sayar da kayan ƙarin abinci ba tare da an tabbatar da amfaninsu ba, muddin ba a ce suna warkar da wata cuta ba. Shi ya sa takardar jikin kwalba take taka-tsantsan, bakin ɗan talla kuwa ba shi da linzami. A nan gida lambar Hukumar NAFDAC ita ce ake nuna wa mai saye kamar hatimin waraka, alhali a jikin da yawa daga cikin kayan ganye an rubuta da ƙananan haruffan Turanci cewa hukumar ba ta tantance da'awar da aka yi ba. Ya kamata a tilasta rubuta wannan gargaɗi da Hausa, da boko da ajami, da manyan haruffa, a kuma karanta shi a ƙarshen kowace talla ta rediyo. Shugabannin ma'aikatu su hana wannan talla a lokacin aiki, kamar yadda ake hana sauran. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri kuma, inda likitocin jijiya suke, su tanadi takarda cikin Hausa da za a miƙa wa iyali ranar da aka gaya musu sunan ciwon, mai bayyana abin da aka gwada, da abin da ya yi aiki, da ranar da za su dawo a auna numfashin majiyyacinsu.